Sarkin Ƙofa Ya Shiga da Rigar Aro

Ranar Lahadi, 16 ga Fabrairu, 2025, Allah ya yi wa Alfonsus Nomau rasuwa a gonarsa ta albasa da ke bakin kanal, gabas da Gidan Korau, a ƙasar Bunkure. Ya bar matarsa Monika, da ’ya’ya biyar, da jikoki, da kuma wata igiya mai ɗauke da riguna a barandar cocinmu. Na rubuta wannan, na karanta, na sake karantawa, har yanzu ji nake kamar labarin wani nake bayarwa, ba naka ba, Yaya.

Ba ka yi jinya ba. Ranar Asabar da yamma muka rabu a teburin mai shayi, kana yi mini tsiya wai wandona ya ɗage kamar mai shirin tsallake rafi, in sake wani kafin gobe. Na sake ɗin. Da shi na zo coci da safe, ina jiran ka duba ka ce wani abu.

Muka tarar da duron ruwa a bushe, igiya ba riga ko ɗaya, ƙofa a buɗe ba kowa a bakinta. Katikis, mai koyar da addini a cocinmu, ya buga ƙarfe, ya sake bugawa. Babu wanda ya hana mu shiga, amma babu wanda ya shiga. Manya da yara muka yi cirko-cirko a waje, kamar awakin da aka buɗe wa garke suka rasa mai kora. Muna nan tsaye sai ga Hamma, Bafulatanin da ke kiwo a bayan gonarka, ya taho da gudu, sanda a hannu. Ya tsaya daga nesa, ya ce, “Ku zo. Mutuminku ya faɗi.”

A kan kunya muka same ka, fartanya a gefe. Ruwa ya cika fangali, ya tsallaka na gaba, yana ta tafiyarsa ba mai tare shi. Ka fita da sassafe ne ka yi ban-ruwa, ka dawo ka cika mana duro. Likita ya ce zuciya ce. Laka har gwiwarka, Yaya. Mutumin da ya ƙarar da ƙarfinsa yana hana laka shiga gaban Allah, sai ga shi Allah ya kira shi da ita jiƙe a ƙafa. Da kana ji da na ce maka, ka gani ko, ni na ci gardama. Amma gardamar da aka ci a kan gawa ba ta da daɗi, kuma ban ma tabbata na ci ba.

Ni na laƙaba maka Sarkin Ƙofa, don tsokana. Sunan ya bi ka har yara suka ɗauka sarauta ce ta gaske. Aikin da coci ya ba ka ɗan kaɗan ne: ka tsaya a ƙofa, ka nuna wa mutane wurin zama, ka tsawata wa yara. Kai ka mayar da shi wani abu dabam.

Dalili kuwa shi ne ruwan kanal bai san Lahadi ba. Ranar da aka sako shi a layinku, ranar za ka ba gonarka, in ka tsaya ibada na ƙasa da kai ya sha, albasarka ta kwanta. Da damina ba ma cika benci shida. Amma da rani, idan ’yan ci-rani suka sauko daga Filato da Binuwai da kudancin Kaduna don tsinkar tumatir da dashen shinkafa, wuri kaɗan yake yi mana, kuma rabinsu daga gona suke zuwa kai tsaye, da gajeren wando da singileti, ƙafa duk taɓo.

Shekarar da aka ba ka ƙofar da zafinka ka zo. Kai da bakinka ka ba ni labarin wani ɗan ƙwadago mutumin Binuwai, wanda kowa ke kira Dogo. Ya zo da laka, ka ce ya je ya shiryo. Bai yi musu ba. Ya zagaya wajen taga, ya durƙusa a kan tsakuwa cikin rana, bai tashi ba sai da aka gama ibadar Misa. Ka ce mini ranar ko kalma ɗaya ba ka ji ba a wa’azin Fada, limamin cocinmu. Lahadi ta gaba muka zo muka tarar da duro cike da ruwa, da buta, da sabulu, da rigarka ta Kirsimeti rataye a ƙusa. Daga ƙusa aka koma igiya. Monika ta ƙara zannuwa da ɗankwalaye saboda mata. Duk mako ita ke wankewa, kai ka goge da dutsen guga na gawayi, ka ɗauko a kan keke.

Dokarka biyu ce, kuma ba ka yarda a raba su ba: ba mai shiga da ƙazanta, ba kuma wanda za a mayar gida.

Ni da rabin farko nake rigima. Na karanta ’yan littattafai, kuma wanda ya karanta ’yan littattafai ba ya rasa abin faɗa. Nakan ce maka Allah zuciya yake dubawa, kuma waɗanda suka fara bin Ubangiji masunta ne, ban jin da turare suka zo.

Ka ce, “Malam, ranar da sufeto zai zo makarantarku, zuciya kake gogewa ko riga?”

Na ce, “Ai don sufeto ba ya ganin zuciya ne.”

Ka ce, “To Allah yana ganin duka biyun. Aikinka ya ƙaru.”

Mun maimaita wannan ba adadi, ba wanda ya taɓa sauka daga kan bakarsa. Abin da na lura da shi dai, ba kyan tufa ke gabanka ba. Ka taɓa tsayar da wani babban ɗan kasuwa mai shadda sabuwa dal don yana amsa waya a bakin ƙofa, ka bar tsohuwa mai zane da faci ta wuce kana yi mata sannu. Kakan ce mutum ya ɗan tsaya, ya wanke ƙafa, ya canja riga, kafin ya gama hankalinsa ya iso daga gona. A ganinka jiki kan riga hankali zuwa coci, dole a jira shi a waje.

Ga kuma gwangwanin goro. Duk wanda ya zo da goro a kunci sai ya ajiye shi a nan, don ba a zuwa karɓar Jibin Ubangiji da jan baki. Ni na fi kowa ziyartar gwangwanin nan. Kana hango ni za ka miƙo shi ba tare da ka dube ni ba, kamar mai karɓar haraji.

Hula ta fi ba ka wahala. Bahaushe ya tsaya gaban babba kai ba hula, gani yake tsirara yake, ga shi a coci an ce maza su cire, mata su rufe. Ka buga ƙusoshi a bango, ka san hular kowa. Ranar auren ’yarka Rahma, abokinka Mudassiru tela, wanda ke yi wa rigunan igiya faci kyauta, ya zo taya ka murna, ya tsaya a ƙofa yana kallon ƙusoshin.

Ya ce, “Nomau, ku dai komai naku a juye yake. Mu takalmi muke cirewa mu bar hula, ku hula kuke cirewa ku bar takalmi. Yanzu ni wanne zan yi?”

Ka ce, “Cire duka biyun, ba mai kai ƙararka ko’ina.”

Ba kowa ne ke son igiyar ba. Shugaban kwamitin coci, Dominik, ya daɗe yana cewa baranda ta zama shagon gwanjo. Shi allo yake so a kafa, a rubuta abin da ba a shiga da shi, wanda ya saɓa ya koma gida, gobe ya koyi hankali. Ba mugun mutum ba ne, tsari yake so. Duk taro ya kawo maganar, duk taro ka ce allo ba ya wanke ƙafa, a tashi. Mun sani, shi ma ya sani, kai kaɗai ne tsakanin allon nan da bango.

Shi ya sa abin da ya faru ranar Litinin a gidanka ya fi ƙarfin maganar likkafani.

Babban ɗanka Fabiyan ya iso daga Kano idanunsa jawur. Shi ne ya ɗinka maka farar babbar riga ta shadda Kirsimetin bara waccan. Sau ɗaya ka sa ta, ka kai ta igiya, ka ce dogayen ’yan ci-rani ba su da wadda ke rufe musu gwiwa. Abin ya yi masa ciwo, bai taɓa faɗa maka ba. A zaman makoki ya ce da ita za a binne ka.

Ya ce, “Don shi na ɗinka. Bai sa ta da rai ba, to ya sa ta yanzu.”

Wa zai ce masa a’a? Dominik ya yi gyaran murya, ya ce gaskiya ne, kuma tunda yawancin rigunan na mamaci ne, gara iyali su kwashe kayansu gaba ɗaya, kwamiti ya san abin da zai yi da ƙofa. Ya faɗa da ladabi. Na duba fuskokin mutane, na ga magana ta kusa zama.

Monika tana zaune a tabarma cikin mata. Sai ta ɗago.

“Fabiyan, Lahadi mai zuwa ruwa a layin wa yake?”

Bai sani ba. Wani ya ce layin yamma.

“Layin su Dogo ke nan. Me za su sa?”

Fabiyan ya ce, “Inna, Baba ne fa.”

Ta ce, “Na san ko wane ne, ni na aure shi. Duk wanda ya ari rigar nan yana dawo da ita. Ƙasa ba ta mayar da aro.”

Ta tashi ta ɗauko shuɗiyar rigar gonarka, wadda muka same ka da ita, ta wanke ta da hannunta har laka ta fita. Mudassiru ya ɗinke inda ta yage a kafaɗa. Rahma ta goge. Da ita aka sa ka a akwati. Fabiyan ya fita bayan gida, ya daɗe bai dawo ba, ban kuma ga laifinsa ba.

Ranar Laraba aka yi Misar jana’iza. Ranar aiki ce, ’yan ci-rani daga gona suka zo, ƙafa duk taɓo kamar kullum. Tun daga nesa na hango duro a cike, riguna a igiya. Wanda ke tsaye da buta Fabiyan ne, da kwat ɗinsa ta birni, ya naɗe hannu. Bai iya ba, rabin ruwan a takalminsa yake zuba. Da Dogo ya iso, furfura ta fara fito masa yanzu, Fabiyan ya dube shi sama da ƙasa, ya juya ya sauko da farar shaddar, ya riƙe masa wuyanta har ya zura kai.

Sannan aka kawo ka. Masu ɗauke da akwati za su wuce ciki, Fada ya ɗaga hannu ya tsayar da su a bakin ƙofa, daidai inda kake tsayawa. Ya yayyafa maka ruwa mai tsarki. Aka warware farin mayafin da ya zo da shi daga babban coci, wanda ake lulluɓa wa akwatin kowa, mai kuɗi da talaka, a cire bayan Misa a ajiye wa na gaba. Aka rufa maka. Na sha ganin wannan, na kuma san bayaninsa, tunin farar rigar baftisma ce. Amma ban taɓa ganinsa da gaske ba sai ranar. A bayana Dogo ya yi wata irin dariya da kuka a cikinta, ya ce, “An yi wa Baba irin tasa.”

Haka ne, Yaya. An tsayar da kai a ƙofa, an wanke ka, an ara maka riga, sannan aka ce ka shiga. Ba a mayar da kai gida ba.

Da na waiwaya na ga Mudassiru da Hamma a baranda, ba su shiga ba, ba su kuma tafi ba. Mudassiru hula a hannu ɗaya, takalmi a ɗaya.

Ba a kafa allo ba. Ranar Lahadi Dominik da kansa ya turo kurar ruwa, yana gunaguni, amma ya turo. Ni Monika ta miƙo mini gwangwanin goro, ta ce ɓarawo ya fi kowa sanin hanyar ɓarawo. Ina riƙe da shi. Gardamarmu kuma tana nan inda ka bar ta, ban sauka ba, ka jira ni.

Ya Ubangiji, ga bawanka Alfonsus ya iso ƙofarka. Ka gafarta masa kurakuransa, ka wanke abin da ya rage, ka suturta shi da jinƙanka, ka ba shi hutun da ba ya ƙarewa cikin haskenka. Yadda bai kori kowa ba, kada ka kore shi.

Ina miƙa ta’aziyyata ga Monika, da Fabiyan, da Rahma da ƙannensu, da jikoki, da dukan jama’ar cocin Gidan Korau, da ’yan ci-ranin da suka rasa uba a baƙon wuri, da maƙwabtanmu Musulmi da suka ɗauki gawarsa tare da mu daga gona. Allah ya ba mu haƙurin wannan rashi da ya zo ba sallama. Mu kuma da muka rage, idan tamu ta zo, ko a gona ko a gado, Allah ya sa mu tarar da ruwa a bakin ƙofa. Amin.

Kilamanti Jatau
Gidan Korau, Bunkure