Gwaggo Barira da Jarkokin Guro

Kafin rana ta yi zafi, Gwaggo Barira ta gama zagaye tsakar gidanta da buta, tana bin jarkoki ɗaya bayan ɗaya. Tsofaffin jarkokin fetur ne, waɗanda masu tsallaka iyakar Benin ke yarwa idan sun fashe. Ita ke tsintowa, ta yanke bakinsu, ta wanke da toka har warin ya fita, ta cika su da ƙasa da kashin awaki. A ciki take shuka alayyahu da tattasai da guro, wato kuɓewar nan tamu gajera mai yauƙi, wadda ko a kasuwar Lolo ba a samun irinta. Masu fadama a bakin kogi kuwa, tsiya suke mata, wai tsohuwa na noma a kwanon wanka.

Shekarar da kogi ya ci ƙauyenmu, ina cikin jirgin Labbo lokacin da ya tsaya ƙofar gidanta, ruwa ya kai gwiwa. Labbo ya ce jirgi ya cika, ta zaɓi abin da ba za ta iya bari ba. Wallahi da idona na gani: ta wuce gadonta, ta wuce kwanonin aurenta da ke jere, ta rungumo jarkar guro. Ta koma ta ɗauko wata. Na saki baki. Labbo ya rantse tsohuwa ta zautu.

"Kwano ana saye kasuwa," in ji ta. "Wanga guro in ya nutse, ina za ku same shi?"

Ashe ba mu ga komai ba. A makarantar da aka sauke mu bisa tudu, kullum tuwo da miyar kuka. Guro ya yi 'ya'ya a gabanmu, shar da shi, ta hana kowa taɓawa. Har surukarta Atika, da ɗanyen jego, ta roƙa ba ta samu ba. Raina ya ɓaci ƙwarai. Muna kallo ya ƙosa, ya yi tauri, ya bushe a jikin kara, ita ma ko ɗaya ba ta kai baki ba. Babu sunan rowa da ba a kira ta da shi ba.

Da ruwa ya janye, muka tarar rumbuna sun zube, irin da kowa ya adana ya ruɓe. Sai ga Gwaggo tana bi gida-gida, tana miƙa ƙullin iri a tsumma. Gidan Labbo ta fara.

Gwaggo, ke ce uwar guro. Ke kika sha zagi da yunwa a wuri ɗaya, don kada miyar iyayenmu ta ƙare a hannunmu. Duk yauƙin da ke tukunyar garin nan yau, daga jarkarki ya fito.

Bana gwiwa ta hana ta ɗaukar buta, ta raba jarkokin ga maƙwabta. Na je gaishe ta, na same ta tana cin tuwo a murfin tukunya. Kwanon da ta ce ana saye kasuwa, har yau ba ta saya ba, kuma babu wanda ya lura a cikinmu.

Mun gode, Gwaggo, Allah ya saka da alheri, ya ƙara lafiya. Ku kuma jama'a, kowa ya nemi fasasshiyar jarka ya shuka wani abu, ya bar kara ɗaya ya bushe saboda baɗi. In kun yi miyar guro, ku kai mata nata, kuma kada ku aika a karɓo kwanon.