Gajiyar Hamidu na Dalijan

Ina kasuwar Gwandu ina zaɓen ƙotar fartanya sai Usman mai jakuna, wanda ke kai-kawo tsakanin nan da Kalgo, ya dafa kafaɗata. Ya ce, "Ɗahiru, sai haƙuri. Hamidu ya rasu shekaranjiya, zazzaɓin kwana uku." Na yi salati. Na daɗe a tsugune riƙe da ƙotar nan, har mai ita ya zare ta daga hannuna a hankali.

Ni da Hamidu a Dalijan aka haife mu, rana ɗaya aka yi mana kaciya. Da muka tasa, babu saurayin da ke kamo shi a noma. In aka kira gayya, sunansa makaɗa ke fara bugawa: Hamidu na Indo, mai gama gona kafin hantsi. Indo yayarsa ce, ita ta raine shi, daga baya aure ya kai ta Kalgo.

A daminar 1952 zazzaɓi ya kwantar da shi mako biyu. Zazzaɓin ya wuce, ƙarfi bai dawo ba. Bai rame ba, bai kumbura ba, idonsa fes. Amma in ya ja guga biyu a rijiya, sai ya kwana biyu kwance. Ya yi barci ya tashi kamar wanda aka daka a turmi. Wani lokaci yana cikin magana sai ta ɓace masa.

Babu abin da ba a gwada ba. Wanzami ya yi masa ƙaho har bayansa ya cika da tabo. Ya sha rubutu, ya sha jiƙo, wata tsohuwa a ruga ta ba shi saiwa cikin nono. Muka ɗora shi a jaki zuwa Birnin Kebbi, malamin asibiti ya duba shi, ya yi masa allura, ya ce bai ga wata cuta ba. Wannan maganar ce ta riga mu isa gida. Mutane suka fara cewa raggo ne kawai. Hamidu zai iya jure komai, ban da wannan suna.

Ni ma, Allah ya yafe mini, na ɗan yarda da su.

Damina ta zagayo, na kira gayya a gonar surukina. Lokacin Hamidu ya ɗan samu sauƙi, don ya daɗe yana hutawa. Na ce masa jininsa ne ya kwanta, gumi ne maganinsa. Ya ce zai zo ya zauna a inuwa kawai. Ni kuwa na zaga na raɗa wa makaɗa su kira shi. A wurinmu, namijin da aka buga wa takensa a gona ba ya ci gaba da zama. Ya miƙe, ya karɓi fartanya, ya yi noma har azahar, mata na guɗa. Na koma gida ina alfahari na warkar da abokina.

Kwana biyu bayan nan ko ƙoƙon ruwa ba ya iya ɗagawa. Wata biyar ya yi a kwance. Mutane kuma suka samu abin faɗa: ai da idonmu muka gan shi a gayya, lafiyarsa lau.

Indo ta zo ta ɗauke shi zuwa Kalgo. Ita ce ta gano abin da ya gagare mu. Ta sa masunta suna kawo masa komarsu ta kamun kifi yana ɗinke inda ta yage, yana zaune gindin tsamiya. Da inuwa ta kai bakin turminta, sai ta karɓe aikin, ko ya so ko bai so ba. Ranar da ya ce yana jin ƙarfi, ranar ta fi sa masa ido. Bai warke ba. Amma a hankali ya kai ga zuwa masallaci da ƙafarsa, masunta kuma har daga nesa suna neman ɗinkinsa.

Bayan kakar bana na je ganinsa, ganinmu na ƙarshe ke nan. Muka sha fura, sannan ya ce, "Ɗahiru, mi ake cewa a Dalijan? Har yau raggo nike?"

Na ce, "Hamidu, ni na sa makaɗan nan su kira ka. Shekara biyar ina ɗauke da wannan magana a raina."

Ya yi dariya har ya tsaya ya huta. "Wawa. Ka zaci ban gan ka kana raɗa ba? Ni ma ina marmarin in ji sunana."



Ya ce, "In ka koma, ka hwaɗa musu ba ƙi na yi ba. Kasawa na yi."

Na ce, "Ranar Juma'a, a ƙofar masallaci, kowa zai ji."

"To, tashi kada rana ta yi maka. Zo da daddawa in za ka dawo, ta Kalgo ba ta da ɗanɗano."

"Indo na jin ka."

"Ta ji. Sauka lahiya, ɗan'uwa."