Ƙararrawar da Ke Jiran Yara

Ina cikin ɗinka rigar makaranta ƙanen Mai Ƙararrawa ya tsaya a bakin shagona, ya ce yayansa ya rasu. Na yi salati, na kasa ɗauke ƙafata daga kan keke.

Shekara goma sha tara abokina yana gadin firamaren da ke kallon shagona. Shi ke buɗe ƙofa, shi ke jera benci ranar taron iyaye, shi ke buga tsohon ƙarfen da ke rataye a bishiya. Duk yaron da ya shigo bayan an buga, bulala uku ce rabonsa.

Daga shagona ana hango kwanar layi, daga wurinsa ba a hangowa. Sai muka ƙulla: idan na ga yara sun taho a guje, in ɗaga almakashi sama. Shi kuma sai ya shiga neman sandar bugu, alhali tana hammatarsa. Sau biyu hedimasta yana yi masa kashedin kora, bai fasa ba.

Ranar Laraba, zamanmu na ƙarshe, ya zauna a bencina yana haki. Na ce, "Mutumina, mu bar abin nan, kada a raba ka da aikinka."

Ya yi dariya har da tari. "Tela, kai dai matsoraci ne. Yaron da ya sheƙo gudu haka, ai yana son karatun. A dake shi kuma?"

Na ce a'a.

Ya ce, "To gobe ka ɗaga almakashin nan sosai, idona ya fara rauni."