Jinin Ƙasimu Mai Babbaka

Ƙasimu ya shigo Legas a bayan tirelar shanu yana ɗan shekara ashirin, daga wani ƙauye kusa da Ɓaɓura. Ya ce wa mahaifiyarsa rani ɗaya zai yi. Shekara ashirin da bakwai ya share a Agege, yana babbakar ganda a wata kwata da ke bayan layin dogo, a ƙarƙashin Alhaji Jumare dillalin fata.

Da itace ya yi tsada, suka koma ƙona tsofaffin tayoyi. Da taya ta yi wuya, Jumare ya samo wani mai da ake tatsowa daga matattun tiransifoma, jarka-jarka. Man nan akwai ci da wuta, ganda ta fito da kyau, matan kasuwa suna rububi. Ƙasimu ne gwanin aikin, har alfahari yake yi cewa hayaƙi ba ya sa shi tari. Jarkokin ma ba ya yarwa, gida yake kai wa matarsa Batulu ta wanke ta tara ruwa.

Baƙaƙen ƙuraje suka feso masa a fuska da bayan kunne. Aka ce sammu ne, ya sha rubutu ya gaji. Batulu ta yi ɓari sau uku. Daga baya idanunsa suka yi rawaya, cikinsa ya kumbura.

Ana nan sai wata likita, Fareeda, haifaffiyar unguwar, ta zo ta ɗebi jinin mutum tara a kwatar, har da na Ƙasimu. Ta ce injin gwajin yana ƙasar waje. Bayan wata bakwai ta same shi zaune a ƙofar ɗaki, ta durƙusa ta gaishe shi, ta miƙa masa takardar sakamakon gwajin.

"Baba, gubar man nan ta cika maka jini. Ba ta ruɓewa, jiki kuma ba ya iya fitar da ita."

"To 'yata, ai sai a kai wa manya su sani."

"Na kai. Masu haɗa rahoton ƙasashe sun ce mutum tara ba ƙasa ba ce. Sai an gwada dubbai za su rubuta."

Washegari Ƙasimu ya lallaɓa zuwa rumfar Jumare da takardar a hannu, ya roƙi a daina amfani da man. Jumare ya zaro waya, ya nuno masa taswirar duniya mai nuna inda aka samu irin gubar, a gaban mahauta. Ƙasashen Turawa sun yi jajir, tamu fara sol.

"Ka gani? Can gubar take. Mu nan tas muke."

"Alhaji, likita ta ce su kowace rijiya sun gwada, shi ya sa. Farin nan namu rashin gwaji ne."

"Ni abin da idona ya gani na sani. Amma tunda ka ce jininka guba ne, kada ka sake taɓa mini ganda, ka kore mini masu saye."

Aka fashe da dariya. Sauran mutum takwas ɗin suna wurin, kowa da irin takardarsa a aljihu, babu wanda ya ɗago kai. Kafin la'asar an laƙaba masa suna Mai Guba. Matan gidan haya suka hana Batulu zura guga a rijiya. Ƙasimu bai sake yi wa kowa maganar ba. Yakan dai wuni yana kallon hayaƙin kwatar ta saman kwano, har ya gane wanda bai iya hura wuta ba.

Ya rasu da damina, ran wata Litinin. Jumare ya zo ta'aziyya da farar babbar riga, ya yi doguwar addu'a, ya ce ajali ba ya wuce lokacinsa. Da zai tashi ya ce a gaya wa Batulu ɗakin na ma'aikatansa ne, shi ke biyan hayar, akwai sabon mai babbaka da zai shiga ran Juma'a. Mata suka ce ai tana takaba. Ya ce ko'ina ma ana iya yin ta.

Ran Alhamis ta kwashe kayanta.