Gwaten da Iya Hanne Ba Ta Sha Ba

Ni ba mai yawan magana ba ne, kuma ban yi makaranta ba. Tumatir na sani, da ruwan kanal da muke ban-ruwa da shi. Amma akwai garin da na haddace tun ban taɓa taka shi ba.

Kakata Iya Hanne ba 'yar ƙasar Bunkure ba ce. Daga wani gari a kan duwatsun Filato kakanmu ya auro ta lokacin yana kiwo, ya sauko da ita, ba ta sake komawa ba. Bayan sallar isha'i takan hura wuta da karan masara a ƙofar ɗakinta, mu jikoki mu kewaye ta. Ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke yi. Cewa take, "Ga ta nan tafe, kowa ya ɗaure takalminsa, hawa za mu yi."

Tatsuniyarta ɗaya ce. Wata yarinya ce aka aika ƙasan dutse ta samo gishiri. Uwarta ta ce kafin ta sauka ta tsaya wuri uku, don hanya ta shaida ta in ta dawo. Ta ce mata ta ci gasasshen dankali a gindin dutsen da ya rabe biyu, inda ake hango garuruwa uku. Ta sha ruwan da ke faɗowa daga tsauni, mai sanyin da ke kama haƙori. Na uku, in ji uwar, ta sha gwaten acca da yakuwa a rumfar bakin kasuwa. Yarinya ta yi biyu, ta ga rana na tafiya, ta ce gwate sai ta dawo. Da ta dawo, hazo ya rufe dutsen, hanya ba ta san ta ba. Har yau tana ƙasa riƙe da gishiri.

In Iya ta zo kan gwaten sai ta daɗe. Ta faɗi irin kwanon, da yadda tururi ke tashi da safe, da bencin da ƙafarsa ɗaya dutse ce.

"Kai, mijin banza," takan ce min, "in ka girma za ka kai ni, ko sai na sake miji?"

"Zan kai ki, tsohuwa. A mota ma."

"Na ji. Allah ya sa ba bakin ba ne kawai."

Na girma. A da, rani lokacin tafiya ne. Mu kuwa ruwan kanal ya cinye mana rani. A cire shinkafa a dasa tumatir, a cire tumatir a sa albasa. Ranar da aka saki ruwa, in ba ka nan, layinka ya wuce. Duk shekara ina ce mata in an gama ɗiba. Duk shekara tana cewa to. Daga baya ta daina tambaya, ni kuma na ji daɗi da ta daina.

Ta rasu ranar da nake lodin kwanduna a Kura. Sai da aka kai ta na iso.

Bayan shekara biyu na bi motar tumatir zuwa can. Tafiyar yini ɗaya ce. Yini ɗaya. Ban tambayi kowa hanya ba. Na ga dutsen da ya rabe, na ƙirga garuruwa uku. Na sa hannu a ruwan, ya kama min haƙori. A bakin kasuwa na tarar da rumfa, wata mata na zuba gwate.

"Baƙo, wa ya kwatanta maka nan?"

"Hanne. 'Yar garin nan ce."

Ta tambayi tsofaffi biyu da ke kan benci. Ba wanda ya tuna ta. Na shanye kwanon tas. Tsami gare shi, bai ma yi min daɗi ba.

Muna yara mun ɗauka darasin shi ne kada a ƙi abinci in an ba ka. Da na fara hankali na ce ai yarinyar ita ce Iya. Sai a kan bencin nan na gane sauran. Ba tatsuniya take min ba duk shekarun nan. Kwatance take min, dalla-dalla, don kada mu ɓata ranar da zan kai ta.