Irin Yistin Gidan Dilmaya

A ƙauyukan da ke kan duwatsu saman garin Phidim, duk mai son giyar tamba mai daɗi ƙofar Lasemi yake zuwa sayen marca, ƙwallayen yistin da take murzawa da garin shinkafa da saiwoyin daji. Tun tana amarya surukarta Dilmaya ta koya mata aikin. A baza dafaffiyar tamba a tabarma ta huce har bayan hannu ya daina jin zafinta, sannan a zuba yisti. Sababbin ƙwallaye kuwa, dole a barbaɗa musu garin tsofaffi kafin a lulluɓe su da ganye. Wannan garin shi ne iri, daga suruka yake zuwa hannun matar ɗa, kuma bai taɓa yankewa ba a gidan.

A hannun Lasemi ya yanke. Daminar bara ruwa ya ƙi ɗaukewa, ƙwallayen suka fara fumfuna. Ta sauko da faifan kusa da murhu don su bushe da wuri, ta fita ɗaure awaki, ta tsaya hira. Ko da ta dawo sun gasu har ciki. Ita da take yi wa matan gari faɗa kan gaggawa.

Ba ta gaya wa kowa ba. Ta sayo marcar kasuwa a wurin wata baƙuwa, ta mayar da ita iri, ta ci gaba da aiki. Masu saye ba su ji bambanci ba, wannan ma ya fi yi mata ciwo. Kullum ta miƙa wa tsohuwa giya a kofin gora sai ta zuba mata ido, ko za ta gane.

Bana ɗan Lasemi ya yi aure. Dilmaya, wadda idanunta suka mutu, ta sa aka zaunar da amarya a gabanta.

“Lasemi, kawo irin. Ko sai na mutu za ki motsa?”

“Inna, akwai maganar da...”

“Ke da magana kamar rediyo. Kawo.”

Ta kawo. Tsohuwa ta shinshina ƙwallon, ta danƙa shi a tafin amarya, ta fara kiran sunayen matan da suka riƙe irin, tun daga kakar mijinta.

“Sai ni,” ta ce. “Sai uwar mijinki, wadda ba ta taɓa barin ya mutu ba. Ki riƙe shi yadda ta riƙe, ’yar nan.”

Amarya ta ɗago ta dubi Lasemi da girmamawa, ta ce to.