Yadda Kare Ya Raba Maganarsa

Ranar da karena Duna ya ciji 'yata Hafsatu, maƙwabta suka ce hauka ya kama shi, in ba a harbe shi kafin magariba ba, za su yi da kansu. Ni da hannuna na zane shi da sanda da safen. Na kai yarinyar asibiti a Karaye aka wanke ciwon aka yi mata allura, na dawo na zube a bakin zaure ina jiran Malam Sale maharbi ya zo da bindigarsa. Gajiya ta hana ni ko jin haushi. A zaman nan ne Iya Tabawa ta faɗo mini a rai, ita da ta shekara ashirin da rasuwa.

Kakata ce ta wajen uba. A gidanmu na ƙauyen Turawa, in an gama cirar gyaɗa sanyi ya fara shigowa, ana idar da sallar magariba take hura wutar kara a ƙofar ɗakinta. Ba ta cikin tsofaffin nan masu ɗokin jikoki. Yini take tana ɓarar gyaɗa, baya na ciwo, muna taruwa sai ta ja tsaki. "Kun dawo ke nan? Kai, ni Tabawa na ga ta kaina." Ni take kira angonta, angon da ko goro ɗaya bai taɓa saya mata ba. Duk mitar nan, sai ta tura mana gyaɗa cikin toka ta gyara zama.

Can gefe, inda hasken wuta ya ƙare, karen gonar babana yake kwanciya. Iya ba ta taɓa shi, tana tsaron alwalarta, amma ita ke zuba masa ƙanzo a fasasshen kasko, kuma duk gidan babu wanda ya san shi kamarta. Ta kan kalle shi ta ce yau ƙafa ke damunsa, a duba a ga ƙaya.

In za ta fara tatsuniya sai ta ce, "To, ga ta nan ta iso, wa zai tarbe ta?"

"Mu ne, Iya!"

Ta ce a da can kare yana magana kamar kowa. Yana zaune gidan wata mata mai yawan aiki. Ya zo ya ce, uwar ɗakina, yunwa nake ji. Ta ce bari in gama daka. Ya ce ƙaya ta soke ni. Ta ce bari in gama tankaɗe. Ya ce na ji motsi a bayan danga, ina jin tsoro. Ta ce bari in sauke tukunya. Matar nan ba muguwa ba ce, in ji Iya, aiki ne ba ya ƙare mata. Da kare ya gaji da ɓata bakinsa, sai ya tafi gindin tsamiya ya tara gaɓoɓinsa ya ce ya daina magana, kowa ya ɗauki rabonsa. Wutsiya ta ɗauki murna, ta ce in babu murna za ta shige tsakanin ƙafafu. Kunnuwa suka ɗauki tsoro. Maƙogwaro ya ɗauki gargaɗi. Aka juyo kan haƙori, ya ce shi kam a bar shi, ba ya son magana, don in ya yi ba ta gyaruwa. Aka matsa masa. Ya ce to, sai wutsiya ta faɗa an ƙi ji, kunne ya faɗa an ƙi ji, maƙogwaro ya faɗa an ƙi ji, sannan a kira shi.

Nan take tsayawa ta nuna mu da guntun kara. "Saboda haka, in kare ya cije ka, sau uku ya yi maka sallama ba ka amsa ba. Ta ƙare, kowa ya nemi takalminsa."

Dariya muke yi, mu yi ta kaɗa wa juna gindi wai wutsiya. Ban taɓa ɗauka akwai abin riƙewa a ciki ba.

Ina zaune a zauren nan sai na fara tunano makonnin da suka wuce. Noman rani nake a bakin dam, albasa da tumatir, in fita da asuba in dawo da ƙyar ina jan ƙafa. Duna ya daina tarbata da kaɗa wutsiya, na gani, na ce girma ne ya zo masa. In an kai hannu kusa da kansa sai ya kwantar da kunnuwa ya ja baya, wannan ma na gani. Matata ta ce mini kwana biyu yana gurnani in yara sun matso, ko abinci ba ya sunkuyawa ya ci sosai. Na ce bari in gama ban ruwa zan duba shi. Wallahi haka na ce, bari in gama.

Na tashi na zagaya bayan gida inda yake ɗaure. Na tura masa ruwa ya sha sosai, idonsa garau, babu dalala. Na jefa masa buhu a ka, na danne shi da gwiwa, na buɗa gashin wuyansa. Wari ya fara buge ni. Wayar da na ɗaura masa tun yana ɗan kwikwiyo, don igiya yake tsinkewa, ita ce ta nutse cikin nama. Ya girma, ni kuma ban taɓa sassauta ta ba. A daidai wurin ciwon nan ne Hafsatu ta rungume shi har ya cije ta.

Da Malam Sale ya iso ya tarar da ni da filaya a hannu, jini har gwiwar hannu. Ya leƙa ciwon ya girgiza kai. "Malam Habu, wannan ai ba aikin bindiga ba ne." Shi ya tsaya ya yi wa maƙwabta bayani. Aka bar Duna a ɗaure ana lura da shi kamar yadda aka ce a asibiti, kwanaki suka wuce lafiya lau.

Wuyan ya warke. Yana gadin albasa kamar da, amma har yau in na miƙa hannu sai kunnuwan su kwanta, wutsiyar kuwa ba ta kaɗa mini. Hafsatu tana da tabo a hannun dama, in ta hango shi sai ta sake hanya. Dukansu biyu ni na jawo musu, kuma abin yana damuna.

Kwanan baya da sanyi ya shigo, na hura wuta na ba ta labarin Iya yadda na iya tunawa. Ta saurara tana murza tabon.

"Baba, kai ba ka san labarin ba ne lokacin?"

"Na san shi, Hafsatu. Tun ina kamarki."

Ta dube ni tana jira in ƙara wani abu. Na tura mata gyaɗa cikin toka.